Yatsan Goggo Barira

Nafi'u, na gan ka ɗazu. Kai da Safiya a bayan randa, kun miƙar da yatsa kuna kwaikwayon Goggo Barira, har da riƙe ciki don dariya. Ka ce ba ka yi ba mana! Mara kunyar yaro. To, tunda an ɗauke wuta kuma ba mai jin barci, ku matso nan. Safiya, rage fitilar. Yau zan gaya muku abin da ya sandarar da yatsan nan. Amma wallahi duk wanda ya je ya tambaye ta, ni da shi ne.

Kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Ba tatsuniya ba ce. Da rana tsaka abin ya faru, mutane suna masallaci.

Goggon nan da kuke gani tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin tiyatar ƙashi. Ba ita ke yanka ba, ita ke miƙa kaya. Likita ya buɗe tafin hannu kawai, bai ce komai ba, sai ya ji abin da yake so ya sauka a ciki. Kayan kuwa in kun gan su sai ku rantse na kafinta ne. Ga guduma, ga zarto, ga magagari, ga injin huda ƙashi. Akwai wani hantsaki mai baki irin na aku, shi ke gutsurar ƙashi kaɗan-kaɗan. Akwai ƙusoshi masu murɗi da sandunan ƙarfe da ake ɗaure ƙashin baya da su in ya karye. Duk ana jera su a kan koren ƙyalle, kowanne da gurbinsa.

A cikinsu akwai wani siririn ƙarfe, bai fi tsinken tsintsiya kauri ba, da ɗan ƙwallo a bakinsa kamar ƙwayar dawa. In likita ya huda ƙashin baya, kafin ya sa ƙusa sai ya zura shi cikin ramin yana lalube, don ya ji ko ya ɓulla wajen lakar baya. Ido ba ya gani a nan, sai lalube. Shi ya sa 'yan tiyata suke ce masa sandar makaho.

Dokar ɗakin ita ce ƙirga. Sau uku ake ƙirga kaya: kafin a yanka, kafin a rufe, da bayan an ɗinke. Mutum biyu, da ƙarfi, kowa yana ji. Ita Goggo tana da tata dokar a kai. Cewa take yi ido ba ya ƙirga, baki ba ya ƙirga, yatsa ke ƙirga. Kowane ƙarfe sai ta ɗora masa manuninta, ta shafa shi tun daga gindi har baki. Sabuwar nas in ta yi ƙirgan ido, sai ta ji hantsaki a bayan hannunta, ƙwas!

"Taɓa shi har bakinsa."

Ta sa 'yan mata da yawa kuka a kan maganar nan. Akwai wadda ta tsayar a gaban mutane ta wanke ta tas saboda guntuwar allura. Ana tsoronta, ana kuma alfahari da ita. In ta ce "Kaya sun cika," likita ko waiwaye ba ya yi. A asibitin nan har sunanta ya koma Kaya-sun-cika.

Saura wata guda ta yi ritaya. An tsara walima, an fitar da anko, shuɗiyar atamfa mai fure. Har tela ya fara ɗinki.

Sai aka kawo Malam Namadi.

Mai haƙar rijiya ne daga wani ƙauye. Yana can ƙasa gefen rijiya ya rufto masa a baya. A kan tabarma aka kawo shi, a bayan a-kori-kura, matarsa Uwale tana riƙe da kansa. Ƙashin bayansa ya karye, amma ƙafafun suna motsi. Likita Badamasi, wanda shi ne mai aikin baya, ya duba hoto ya ce, "In muka ɗaure shi da ƙarfe, da yardar Allah zai taka." Shi Likita Badamasin nan tun yana ɗan koyo Goggo ke miƙa masa kaya. Mama yake ce mata.

Ranar Juma'a aka shiga da shi, tun ƙarfe bakwai. Aikin ya ƙi ƙarewa. Jini ya ɓalle, aka tsayar, ya sake ɓallewa. Awa shida Goggo tana tsaye, gwiwoyinta suna mata zugi. Can lasifikar masallaci ta fara. Likita ya ɗaga kai ya dubi agogon bango.

"Mama, ƙirga mana. Za mu rufe."

Ta dubi koren ƙyallen. Komai yana gurbinsa. Ta bi su da ido, bakinta yana faɗa, arba'in da biyar, arba'in da shida, arba'in da bakwai. Hannunta yana kan ƙugu, tana dafe da inda ke mata ciwo. Sista Atine, wadda ita ce ta biyu a ƙirgan, ta amsa kawai tana naɗe wayar inji. Wa zai bi bayan Barira da bincike?

"Kaya sun cika," in ji Goggo.

Aka ɗinke. Aka sake ƙirgan ido. Likita ya cire safar hannu, ya ruga ya samu sahu.

Kun ji dai, lamba ta cika. Ba ta yi ƙarya a lamba ba.

Kayan aikin baya ba ta barin kowa ya wanke su, ita ke wankewa kafin a sa su a tukunyar dafawa. Tana tsaye ita kaɗai a bakin famfo, tana goge su ɗaya-ɗaya. Ta ɗauko sandar makaho. Yatsanta ya bi ta kamar yadda ya saba. Da ya kai baki, sai wani abu ya soke ta.

Ta ɗaga ta sama. Babu ƙwallon. Bakin ya karye, ya bar tsini.

Ta rufe famfo. Ta koma ɗakin tiyata, ta durƙusa ta bi daɓen da tafin hannu. Ta zazzage bokitin shara, ta warware auduga mai jini ɗaya bayan ɗaya. Ta tace ruwan kwalbar da ke zuƙe jini. Ta karkaɗe ƙyallaye. Babu. Ta zauna a ƙasa. Ai ta san inda yake. Shekara ashirin da shida, ba sai an gaya mata ba.

Abin da ya kamata ta yi bai fi taku arba'in ba. Ofishin likita yana nan ƙarshen baranda. Sau uku tana zuwa bakin ƙofar a yammacin nan. Na farko ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta tuna yarinyar da ta tozarta a kan guntuwar allura. Na biyu ta ji 'yan nas suna hirar ɗinkin anko, ta wuce kamar ruwa za ta sha. Na uku likitan ne ma ya buɗe ƙofar da kansa.

"A'a, Mama, ba ki tafi ba? Sannu da ƙoƙari. Yau kin sha tsayuwa."

"Yanzu zan tafi, ranka ya daɗe."

Shi ke nan abin da ta ce. Makullin kabad ɗin ajiya yana hannunta. Ta ɗauko sabuwar sandar makaho ta sa a gurbin, ta naɗe karyayyar a hankici ta jefa a jaka. Tana tafiya gida tana ce wa kanta, ai ɗan mitsitsi ne, mutane nawa ke yawo da harsashi a jiki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kun ga yadda mutum ke lallashin kansa ko?

Malam Namadi ya farfaɗo lafiya. Ranar Asabar ya fara cewa ƙafarsa ta hagu kamar an zuba mata garwashi. Aka ɗauki hoto, ƙusoshi sun zauna daram. Ɗan ƙwallon ya laɓe a bayan ƙusa, bai fito ba. Likita ya ce kumburi ne, zai sauka. Ranar Lahadi babban yatsan ƙafar ya daina ɗagawa. Ranar Litinin na kusa da shi ya bi.

Goggo ta daina bi ta ɗakin maza. Zagaye take yi ta bayan kicin. Amma ranar Talata Uwale ta tare ta a baranda, ta durƙusa har ƙasa, ta miƙo mata ƙwarya rufe da faifai. Ƙwan zabi ne.

"Hajiya, an ce ke ce mai riƙe da kayan aikin. An ce in dai kina ciki ba a kuskure. Ga shi, ba yawa. Malam ya ce don Allah ki leƙo ya yi miki godiya."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Goggo ta shige. Ta bi ta. Malam Namadi yana kwance a miƙe, gumi yana keto masa, yana cije leɓe. Da ya gan ta sai ya daure ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu.

"Allah ya sa ki gama da duniya lafiya, Hajiya. Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mana."

Ta ce amin. Wallahi ta ce amin, ta karɓi ƙwan ta fita. Ba ta iya cin ko ɗaya ba.

A ranar ta fara jin ƙarar. Tana zaune a motar haya, jakar tana kan cinyarta. Ƙas. Ƙas. Ƙas. A hankali, kamar makaho yana laluben hanya da sanda. Ta dubi na kusa da ita, ko gezau. Ta danne jakar da hannu biyu, ƙarar ta tsaya. Ta saki, ta dawo. A gida ta sa jakar cikin akwati ta kulle, tana salla tana ji. Laraba haka, Alhamis haka. Ranar Alhamis ta ji Atine tana cewa duk yatsun ƙafar mai rijiyar nan sun mutu, likita ya rasa gane kan abin.

To a nan fa mai hankali zai je ya faɗa. Ita sai ta ce bari ta rabu da abin da ke ƙara.

A bayan asibitin, in ka wuce ɗakin wanki, akwai wata 'yar hanya da ciyawa ta cinye. Tana bi ta gefen wani tsohon gini da aka daina amfani da shi, ta ƙare a gindin tsamiya. A nan akwai tsohuwar rijiya. Masu shara ma ba sa zuwa. Goggo ta jira Juma'a, lokacin da maza suka watse masallaci, mata suka shige ɗaki saboda rana. Ta rataya jaka ta bi hanyar ita kaɗai.

Tana tafe tana jin huɗuba daga lasifika. Ta wuce ɗakin wanki. Ta wuce tsohon ginin. Sai huɗubar ta yanke ɗif, a tsakiyar kalma.

Ta tsaya. Babu kukan tsuntsu. Babu iska. Ganyen tsamiya ko ɗaya ba ya motsi. Sai wani wari da ya bugi hancinta, warin maganin da ake wanke ɗakin tiyata da shi. A cikin ciyawa fa.

Ƙarar jakar ta ƙaru. Ƙas-ƙas-ƙas.

A bakin rijiyar akwai wata tsohuwa a zaune, ta ba ta baya, ta lulluɓe da farin zane. Ta shimfiɗa koren ƙyalle a gabanta. Irin na tiyata sak. Tana ƙirga wani abu.

"Salamu alaikum," in ji Goggo.

Tsohuwar ta ci gaba da ƙirganta.

"Arba'in da huɗu. Arba'in da biyar."

Goggo ta ja da baya. Ba ƙirgan ne ya ba ta tsoro ba. Muryar ce. Ta san muryar nan, da kaushinta, da yadda take jan ƙarshen lamba. Muryarta ce. Tata ta kanta, tana fitowa daga bakin wata.

"Arba'in da shida." Tsohuwar ta ɗaga kai. "Saura ɗaya. Barira 'yar Tanimu, kin daɗe a hanya."

"Iya, ina kika san ni?"

"Kawo."

"Me zan kawo?"

"Abin da kika zo jefawa. Kada ki jefa mini a ka, nan gidana ne. Miƙo da hannu."

Ƙafafun Goggo suka kai ta gaba ba da sonta ba. Ta leƙa ƙyallen. An jera su reras, kowanne da gurbinsa. Guntuwar allura. Karyayyen bakin injin huda. Haƙorin zarto. Rabin ƙusa. Wasu sun yi tsatsa har sun yi baƙi, wasu da sauran ƙyallinsu. Babu cikakke ko ɗaya.

"Na su wane ne waɗannan?"

"Na masu suna irinki. Kowa da ƙafarsa ya kawo."

"An gane su?"

"Ko ɗaya. Duk an yi musu walima."

Ku ji abin kunya, wani sanyin daɗi ne ya fara ratsa Goggo. Ashe ba ita ta fara ba. Ashe ana yi a wuce lafiya. Ta buɗe jaka, ta warware hankicin.

"Masu ciwon fa, Iya?"

"Su ma ina ƙirga su. Daban."

Tsohuwar ta miƙe. Ba ta dafa ƙasa ba, ba ta yi nishi ba, tsam kawai ta tashi. Ta juyo. Lulluɓin ya rufe fuskar, sai haɓa. Zanen ya ɗan ɗage, Goggo ta dubi ƙasa.

Safiya, saki hannuna, kina ji mini ciwo.

Dugadugan tsohuwar ne a gaba. Yatsun suna kallon baya. Goggo ta ga ƙafafu iri-iri a rayuwarta, karyayyu, murɗaɗɗu, waɗanda aka yi wa mugun ɗori. Idonta na aiki ya nemi tabo, ya nemi kumburi, ya nemi inda ƙashi ya goce. Babu. Lafiyayyun ƙafafu ne sumul. Haka aka halicce su.

Tsohuwar ta buɗe tafin hannu, kamar yadda likita ke yi.

Hannun Goggo ya tafi da kansa. Shekara ashirin da shida in aka buɗe mata tafi sai ta sa abu a ciki. Amma hannun nan yana da wata al'adar kuma. Bai taɓa miƙa ƙarfe ba sai ya shafa shi. Manuninta ya hau kan sandar makaho, ya bi ta tun daga gindi, a hankali, har baki. Tsinin ya soke ta a daidai inda ya soke ta ranar farko. Jini ya tsatso.

Sai ta ga Malam Namadi a idon zuciyarta, hannu biyu a sama, yana roƙa mata rufin asiri. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, irin wadda ta fi tsoro ƙarfi. Bakinta ya buɗe.

"Kaya ba su cika ba."

Caraf tsohuwar ta cafke yatsan. Sanyi ne, ba irin na ƙanƙara ba, irin na ƙasan rijiya. Ya shiga ƙashi ya fara hawa.

"Me kika ce?"

"Kaya ba su cika ba." Goggo tana kuka yanzu. "Akwai saura a bayan mutum. Ni na bar shi. Ban taɓa ba, da ido na ƙirga. Na gani tun ranar, na yi shiru."

Sanyin ya kai wuyan hannu ya tsaya.

"Kash," in ji tsohuwar, da muryar Goggo. "Kin ɓata shi. Ni abin da aka yi shiru a kansa nake karɓa."

Ta saki. Ta koma ta zauna, ta ba ta baya.

"Tafi da kayanki. Kada ki waiwaya. Yatsan na miƙar miki da shi, don kada ki sake mantawa da aikinsa."

Goggo ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Mace mai ciwon gwiwa, mai shekara kusan sittin, ta bar takalmi ɗaya a ciyawa. A bayanta tana jin an fara daga farko, ɗaya, biyu, uku. Tana kaiwa ɗakin wanki lasifika ta dawo, liman yana sallame salla.

A bakin ƙofar asibiti ta ci karo da su suna dawowa daga masallaci. Likita Badamasi da sallaya a kafaɗa, da masu gadi, da masu tura gado, ga 'yan nas a baranda suna kallo. Ta san in ta ce bari su keɓe, ba za ta faɗa ba. Ta zube a gabansa, ɗankwali a wuya, ƙafa ɗaya ba takalmi, ta ɗaga ƙarfen sama.

"Ranka ya daɗe, bakin sandar makaho yana cikin bayan Malam Namadi."

Ya karɓa. Ya juya ta a hannu. Ya taɓa tsinin.

"Mama, yaushe kika gani?"

"Tun waccan Juma'ar."

Bai yi mata tsawa ba. Da ya yi ma da ya fi mata sauƙi. Ya dube ta ya daɗe, sannan ya ɗaga kai ya dubi baranda.

"Sista Atine, shirya kayan aikin baya. Yanzu." Ya wuce taku biyu ya tsaya, bai juyo ba. "Sista Barira, ki jira a waje."

Tun daga ranar bai sake ce mata Mama ba.

Aka sake ɗaukar hoto ta gefe, sai ga shi. A yammacin aka buɗe shi. Goggo tana zaune a bencin 'yan jinya, kusa da Uwale. Ta cikin ƙofa tana jin Atine tana ƙirga da ƙarfi, a hankali, ɗaya-ɗaya. Da aka fito, likita ya nuna wa Uwale abin a cikin ɗan kwano. Ƙwayar dawa ta fi shi girma. Ya kwana bakwai yana danne jijiya.

Ƙafar dama ta tsira. Ta hagu ba ta dawo ba. Yana takawa, amma jan ta yake yi, kuma ya yi sallama da shiga rijiya har abada. Likita ya ce da a ranar aka cire, da ko ɗingishi ba zai yi ba. A gabanta ya faɗa.

Aka zauna a kanta, aka rubuta abin da aka rubuta. Ba a yi walima ba. Shuɗiyar atamfar tana nan a ƙasan akwatinta, ba ta taɓa ɗaurawa ba. Yarinyar nan da ta tozarta a kan allura, ita ce ta kawo mata takalminta da wani mai gadi ya tsinto, ta ajiye mata ba ta ce komai ba. Goggo ta ce wannan ya fi mari zafi.

Ranar da za a sallami Malam Namadi ta je. Ta durƙusa a gefen gadon, ta kasa ɗaga ido.

"Malam, ka yafe mini."

Ya juyo da kansa ya dube ta.

"Hajiya, ni ma mai sana'a ne. Ƙarfe yakan karye. Ƙasa takan rufta. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wannan na yafe tun kafin ki tambaya." Ya numfasa. "Amma a wajenmu, wanda ke cikin rami in ya ga bango ya tsage, ihu yake yi. Ba ya tsayawa tunanin kada a ce bai iya haƙa ba. Shirun kwana bakwai ɗin nan, ki ba ni lokaci."

Ta ce to. Me za ta ce?

Har ta miƙe, sai ya dubi hannunta. Yatsan yana miƙe ƙiƙam.

"Ke ce baƙuwar tata ke nan."

"Baƙuwar wa?" in ji Goggo.

"Wata tsohuwa mai farin lulluɓi," in ji shi, ƙasa-ƙasa. "Kullum da rana tsaka sai ta zo ƙarshen gadon nan. Uwale ba ta ganinta. Sai ta kama yatsan ƙafata guda, ta ce ɗaya. Daga nan ba na ƙara jin sa. Washegari ta ce biyu. Ranar Alhamis ta ce biyar. Ranar Juma'a ta zo ta ɗora hannu a ƙafar dama. Har na ji sanyin. Sai ta ɗaga kai kamar mai sauraro, ta ce, bari in je, ina da baƙuwa. In ta ba ni abina zan dawo." Ya ja bargo ya rufe ƙafarsa. "Ba ta dawo ba."

An ɗauki hoton yatsan Goggo ya fi sau biyar. Ƙashi lafiya, gaɓa lafiya, jijiya lafiya. Ya ƙi lanƙwasawa kawai. Kuma duk abin da ya taɓa, in da tsaga a jikinsa ko ta kai siririn gashi, sai ya yi mata zugi. Ba ku lura ita ake kira in za a sayi tukunya ba? Ba ta taɓa zaɓo fasasshiya ba. Ita dai ba ta ɗauke shi kyauta ba. Da shi take cin tuwo, da shi take tasbihi, kullum yana gabanta a miƙe.

Duk bayan Babbar Salla da kuke ganin ta shirya ta ce za ta ƙauye gaisuwa, wajen Malam Namadi take zuwa. Ya fito yana jan ƙafa, ya sa a shimfiɗa mata tabarma, a kawo mata ruwa. Su gaisa, su yi maganar damina. Ta jira. In la'asar ta yi ta tashi ta dawo. Bana shekara tara ke nan. Bai ce ya yafe ba tukuna, ita kuma ba ta sake tambaya ba.

To kun ji. Ba zan ce ƙurunƙus ba, don mai labarin tana ɗakin can tana barci, in ma tana iya barcin. In Allah ya kai ku asibitin nan, ko jinya ko dubiya, kada wanda ya bi hanyar bayan ɗakin wanki shi kaɗai, ko da rana ta take. Balle in akwai abin da ka naɗe a hankici. Har yanzu arba'in da shida gare ta, tana neman cikon ɗaya.

Kai kuma Nafi'u, gobe in Goggo ta miƙo maka koko da hannun nan, ka karɓa da hannu biyu, ka sunkuyar da kai.

Wace ƙara? Akuya ce take taɓa kwano. Ku yi addu'a ku kwanta.